Bindigar da Ta Fi Fito Nisa

Ka ce ka fi son ka yi komai daga nesa don kada wani abu ya same ka. To, gyara zama ka ji abin da ya sami wani maharbi.

Maharbin nan ɓauna ce ta taɓa ɗaga shi da ƙaho ta watsar cikin ƙaya, ya yi wata huɗu a kwance ana yi masa ɗori. Ƙashi ya haɗu, amma tsoro bai fita ba. Ko saniya ce ta yi huci a bayansa sai ya zabura ya yi gefe. Ga shi kunya ba za ta bar shi ya rataye bindiga ba, don har yanzu shi ake kira in ɓauna ta shiga gona. Sai ya je wurin wani tsohon maƙeri, ya ce a ƙera masa bindigar da za ta kai inda ba sai ƙafarsa ta kai ba. Maƙeri ya yi wata biyu a kanta. Ya yi mata dogon bututu wanda in an tsayar da ita yakan taɓa haɓar mai ita, ya sassaƙa ƙota daidai kafaɗarsa, a gwada a kankare, a sake gwadawa. Ranar gwaji aka ɗaure ta a jikin itace, kowa ya laɓe, aka ja kunama da doguwar igiya. Ta yi tsawa, ba ta fashe ba. Harsashi kuwa maharbi bai yarda wa kowa ba. Shi ke narka dalmarsa, ya goge kowane ɗaya har ya yi sumul, wanda ya yi ɗan tabo ya mayar da shi wuta. Albarushi da ɗan ƙahon akuya yake auna shi, ya share bakin da yatsa, ba ƙari ba ragi. Kai, ko amarya ba ta samun irin wannan tattali. Ranar da ya fasa ƙwarya daga wannan gaɓar fadama zuwa waccan, mutanen gari suka yi ta cewa jarumi ya dawo, shi kuwa ya bar su da zatonsu.

To, maharban ƙasar suna da wata al'ada tun kaka da kakanni. In ka ga motsi a cikin ciyawa ba ka tabbatar da ko mene ne ba, sai ka yi fito sau biyu ka saurara. In mutum ne zai amsa, ko da tari ne. Ba abin da maharbi ke gudu kamar jinin ɗan Adam, don wanda ya zubar da shi ya gama barci mai daɗi a duniya. Al'adar kuwa ba ta taɓa cin amanar kowa ba, saboda bindigogin da aka saba da su ba sa kai inda fito bai kai ba.

Wata safiya bayan an ɗauke ruwa, aka zo aka ce masa ɓauna ta kwana tana ɓarna a gonakin bakin fadama. Ya ɗura bindiga, ya tafi ya hau wani tudu, ya ƙi matsawa ko taku ɗaya. Can tsallaken fadama, cikin dogayen gamba, ya hango baƙin abu a sunkuye, yana motsi a hankali. Nan take tsohon ciwon cinyarsa ya motsa. Ya lashi leɓe ya yi fito sau biyu, kamar yadda ubansa ya koya masa. Iska tana busowa ne daga can zuwa fuskarsa. Ya saurara, shiru. Ya ɗora ƙota a kafaɗa, ya saita, ya ja kunama. Baƙin abin ya faɗi, bai sake tashi ba.

Da ya kamata ya yi murna, sai gabansa ya faɗi. Ɓauna in ta sha harsashi takan yi ruri, ta tattake ciyawa, ta nemi wanda ya harbe ta. Wannan kuwa ya kwanta ne kawai. Ya sauko daga tudu ya kama hanya, a ranar ya san nisan da ya yi ta alfahari da shi. Ya ratsa laka, ya ratsa ruwa har gwiwa, yana tafe yana addu'a Allah ya sa ɓauna ce, ko da mai sauran rai ce, ko da za ta sake ɗaga shi sama. Mutumin da ya shekara yana gudun ƙaho, ga shi yana roƙon ya tarar da ƙaho. Da ya buɗe gambar farko, abin da ya fara gani shi ne lauje, sai takalmi ƙafa ɗaya.

Maƙwabcinsa ne, wanda suke tsayawa sahu ɗaya a masallaci. Ya fito yankan gambar zana, ya yafa baƙin bargo saboda sanyin ruwa. Da sauran numfashinsa. Ya buɗe ido ya gane maharbi, ya dube shi ba da fushi ba, da mamaki kawai, ya ce, "Ɗan'uwa, me ya hana ka yin fito?" Maharbi ya durƙusa a laka yana rantsuwa cewa ya yi, wallahi ya yi, har sau biyu. Amma wanda yake yi wa rantsuwar ya riga ya daina ji.

Irin wannan ne Hausawa ke cewa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.