Waƙar Mai Adaidaita Sahu

Garzali, na saurari jawabin da kake shirin yi a gaban 'yan ƙungiyarku. Ka zuba komai a ciki, har da abin da ba a tambaye ka ba. Gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wani mai tuƙa adaidaita sahu da Allah Ya hore wa murya. Matarsa Hansai ta shafe shekaru tana karatun ungozoma, ga goyo ga aikin gida, har Allah Ya nufa ta ci jarrabawar ƙarshe. Danginta suka sa ranar walima. Shi kuma ya ƙudura a ransa cewa kyautar da zai ba ta waƙa ce, tasa ta kansa, wadda ya daɗe yana rerawa ƙasa-ƙasa duk lokacin da cunkoso ya tsayar da shi a titi. Akwai wani ɗan ɗaki a zauren gidansu da ake ajiye buhunan gawayi. Ya kwashe su, ya share, ya manna kwalayen ƙwai a bango, ya jingina tsohuwar katifa a taga saboda ƙarar injin markaɗen maƙwabta. Ya samo kwamfuta 'yar gwanjo da makirfo. Ranar da Hansai ta tafi gidan iyayenta don shirin biki, ya kirawo maƙwabcinsa mai gurmi. Suka jira mai markaɗe ta kashe inji, suka ja ƙofa, gumi na tsiyaya, suka ɗauka. Da ya danna maɓalli ya ji muryarsa ta fito daga lasifika tangaran, gurmi na biye da ita, sai ya miƙe zumbur. Ya daka tsalle har ya ƙume kansa da ƙofa, bai ma ji zafi ba. Ya sake kunnawa, ya sake, suna tafawa da mai gurmi.

Daga nan fa murna ta ɗebe shi. Ya gano cewa kwamfutar tana iya ɗora sauti a kan sauti, iya son ransa. Washegari ya ɗauko mai kalangu. Ya ƙara fiyano. Abokansa na tasha suka ajiye kekunansu a ƙofar gida suka cika ɗakin, kowa na tura baki ga makirfo yana amshi. Ya ci karo da wani maɓalli mai sa murya ta yi amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya, ya murɗa shi har ƙarshe. Kai, har hon ɗin adaidaitarsa sai da ya ɗauka ya cusa a tsakiya, wai don a san sana'ar mai waƙa. Da aka zo haɗa sauti kuwa, duk wanda ya leƙo sai ya ce a ɗaga nasa. Mai kalangu ya ce ba a jin sa, aka ɗaga. 'Yan amshi suka ce an danne su, aka ɗaga. Shi ko sai dariya yake yana murɗawa, ɗaki na girgiza.

Ana jibi walima ya tura waƙar a waya, ya garzaya gidan yayarsa. Ya same ta tana tsintar shinkafa, ya saƙala mata abin sauraro a kunne. Ta gyaɗa kai, ta kaɗa kafaɗa har ƙarshe, sannan ta cire.

"Kai, kiɗa ya yi kiɗa! Amma wa ake yi wa waƙar?"

"Haba Yaya, Hansai mana!"

"To ina Hansan take a ciki? Ni ban ji sunan kowa ba."

Ya karɓa ya saurara kamar baƙon da bai san baitocin ba, sai ya ji gaskiyarta. Baitin da ya fi ƙauna, inda yake faɗin yadda take bitar karatu a bakin murhu, littafi a cinya, hayaƙi na sa ta hawaye, ya nutse ƙarƙashin kalangu da hayaniya. Ko kalma ɗaya ba ta fita.

Ko fasinja bai ɗauka ba a hanya, ya koma ɗakin. Hon ya fara cirewa. Ya sauke amsa-kuwwa. Ya kashe fiyano gaba ɗaya. Ya mayar da 'yan amshi can baya, ya bar kalangu ya riƙa shigowa a wurin amshi kawai. Duk abin da ya rage sai ya ji muryar ta ƙara matsowa kusa, kamar mutum yana fitowa daga cikin kasuwa. Wata sabuwar murna ta kama shi, wadda ta fi ta farko. Abokai suka yi ta ƙorafi, ya ba su haƙuri.

Ranar walima aka kunna. Mata na ta hira, sai aka ji tsit ya fara daga gaba yana tafiya baya. Kafin baitin farko ya ƙare Hansai ta gane muryar, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ba ka iya cewa kuka ne ko dariya. 'Yan ajinsu suka cafe amshi. Mahaifiyarta ta ɗaga hannu ta ce a maimaita, tana so ta ji kowace kalma. Shi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Ka gani, Garzali, abin da zai taɓa zuciya yana nan tun ranar farko. Yawan ƙari ne ya binne shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, idan dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.