Katin da Za a Miƙa wa Baba

A ƙofar gidansu Fumika, Shuhei ya ja ya tsaya. "Na gama biyan bashin gidana. Jiya na ajiye aiki."

Fumika ta dube shi. Mahaifinta na ciki yana jiran mai neman 'yarsa, kuma ba ya zaunar da baƙo sai ya karanta katin kamfanin da baƙon ke yi wa aiki.

"Da shekara arba'in? Haba Shuhei! Wane kati za ka miƙa wa Baba?"

Ya zaro makullin gidan nasa, ya rusuna, ya miƙa mata da hannu biyu.

Daga ciki tsohon ya yi gyaran murya.

"Riƙe shi haka," ta ce ƙasa-ƙasa, sannan ta zuge ƙofar.