Kwat Ɗin Aro

Mai wanki ya yayyafa wa kwat ɗin ruwa, ya bi shi da dutsen guga a hankali kamar mai shafa kan jariri. Ba nasa ba ne. Yana cikin kayan da wani direba ke kawowa daga gidan maigidansa, mutumin da mai wanki bai taɓa sa wa ido ba, sai dai ya san faɗin kafaɗarsa da irin turarensa.

Yau za a gurfanar da ɗansa. Wayar wani ce ta ɓata a shagon gyaran da yake aiki, aka duba wanda ba shi da kowa, aka nuna shi. Beli kawai suke nema.

“Kotu riga take fara dubawa kafin fuska,” in ji tela maƙwabcinsa. “Ɗan mai gidan man nan da ya take mutum da mota, ba da ƙamshinsa ya shiga ya fito da abinsa ba? Kai kuwa kai naka da singileti ka ga ikon Allah.”

Matar mai wanki ta ce, “Malam, kayan mutane ne fa.”

“Aron yini ne. Kafin la’asar yana kan igiya.”

A bayan kotu ya roƙi wani ɗan sanda ya miƙa wa ɗan nasa kwat ɗin. Da aka shigo da shi, hannun kwat ɗin ya rufe masa yatsu, amma wallahi sai ka ce ɗan wani.

Alƙali bai cika ɗaga kai ba. Ya sallami wani ɗan kwangila yana rubutu, ya tura leburori biyu gidan yari yana rubutu. Amma da aka kira ɗan mai wanki, sai ya ajiye alƙalami. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya bi shi da kallo daga wuya zuwa maɓallai, ya daɗe a kan aljihun hagu.

Sanyi ya ratsa zuciyar mai wanki. Ya zunguri tela da ke zaune kusa da shi da gwiwar hannu.

“Mece ce sana’ar mahaifinka?” in ji alƙali.

“Wanki da guga, ranka ya daɗe.”

Alƙali ya gyaɗa kai. Ya ce mai irin wannan hannu ba a sakinsa cikin jama’a. Babu beli.

Gandiroba ne ya miƙo wa mai wanki kwat ɗin a dunƙule cikin leda. Ya rungumo shi har gida, yana tunanin abin da zai faɗa wa uwar yaron.

A ƙofar gida ya tarar da direban, ga shi ba ranar zuwansa ba ce. Ya riga ya sauke kayansu daga igiya, jiƙaƙƙu da busassu. Bai yarda sun haɗa ido ba, ya miƙo hannu ga ledar.

“Kawo, Baba, ba sai ka wanke ba. Maigida ya ce tun daga kan kujerar shari’a ya gane kwat ɗinsa.”