Maƙeri da Linzamin Kwamfuta

Ina roƙon mai karatu ya yi mini uzuri tun daga farko. Sai da furfura ta fito mini na kama alƙalami, hannun da ya saba da ƙota kuwa ba ya bin layi yadda ya kamata. Na dai ga bai dace misalin nan ya tsaya a bakina ni kaɗai ba.

An yi wani maƙeri wanda mahaifinsa shi ne na ƙarshe a garinsu da ya san yadda ake narka tama a fitar da ƙarfe. Da tsohon ya kwanta ciwon ajali, maƙerin ya riƙa zama gefen tabarmarsa da waya yana ɗaukar muryarsa: tudun da ake tona, yadda ake gane tama ta gari da nauyinta a tafin hannu, irin gawayin ƙiryar da ake zubawa, da kirarin da masu zuga ke yi idan wuta ta kama. Har tarin tsohon da dariyarsa suna ciki. Bayan rasuwa, gudun kada waya ta faɗa ruwa, ya sa aka juye masa maganar duka a wata 'yar kwamfuta ta gwanjo da ya saya, wadda allonta bai fi faifai girma ba. Wayar kuma ya ba 'yarsa, ta share ta, ta cika ta da nata.

Kwamfutar nan tana da hali guda. Idan aka buɗe jerin abubuwan da ke cikinta, jerin ya fi allon tsawo, kamar dogon mutum a gajeriyar tabarma, ƙafafu a waje. Linzamin, wato abin nan da ake turawa da hannu, yana da 'yar taya a gadon bayansa. In maƙerin ya murza ta don jerin ya hau, sai jerin ya zabura ya koma sama, ko ya rufe ɗungurungum. Wata rana da hantsi ƙanensa ya iso daga tafiya mai nisa, bai samu jana'iza ba, yana marmarin jin muryar uba. Maƙerin ya murza taya, jerin ya zabura daidai lokacin da yatsansa ya sauka, ya danna inda ba nan ya nufa ba. Maganar tsoho ta ɓace daga mazauninta. Ya ce wa ƙanen caji ne ya yi ƙasa, a bari sai gobe.

Shi maƙeri, a saninsa kayan aiki in ya ƙi, laifin yana jikin ƙarfe. Ya kwance linzamin a kan uwar maƙera, ya goge tayar da magagari, ya ɗiga mata man gyaɗa kamar yadda yake yi wa ƙyaure mai kuka. Da ya mayar, taya tana juyawa sumul, amma jeri ko gezau. Ya karanta shi daga sama har inda allo ya yanke, ya sake karantawa, bai ga hanyar da za ta kai shi ga abinsa ba, sai ya ɗauka bakin allo shi ne ƙarshen magana. Bakinsa ya yi masa nauyi ya faɗa wa kowa cewa amanar uba ta salwanta a hannunsa. Ƙarfen da ya ƙi gyara dai wuta ake mayar da shi, don haka ya saɓi kwamfutar zuwa rumfar mai gyara a kasuwa.

“Injiniya, wannan ta kamu da ciwo. Wanke ta tas, a sake mata zubi.”

“Baba, babu abin da kake so a ciki? In na wanke fa, ko boka bai dawo da shi.”

“Abin da nake so ya riga ya tafi. Yi aikinka, kada ka cika ni da tambaya kamar alƙali.”

Washegari ya dawo karɓa. Mai gyara ya jona ta da babban allon rumfarsa don ya nuna masa aiki ya yi kyau, sai ga jerin nan ya miƙe tun daga kai har ƙafa. Ƙasa da inda maƙerin ya saba ganin ya yanke, ashe akwai sauran 'yan layuka, na ƙarshensu da hoton wani ɗan kwando. Ya nuna shi da yatsa.

“Wannan kwandon shara ne, Baba. Duk abin da aka goge, nan yake zama yana jiran mai shi, sai in an zubar.”

“Na jiya fa?”

Mai gyara ya dube shi, ya sauke ido. “Na jiya ai shi ka ce in wanke.”

Maƙerin ya saɓi kwamfutarsa ya kama hanya. A hanyar gida ya riƙa motsa leɓe yana neman kirarin masu zuga. Farkonsa ya zo masa, sauran ya ƙi. Da ya karyo kwana ya hango ƙanensa a ƙofar gida, ya shimfiɗa tabarma a inuwa, ya gyara zama yana jiran a kunna.

Abin da Hausawa ke nufi ke nan da suka ce, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Inda na karkace a harafi ko a magana, wanda ya fi ni sani ya miƙe mini shi, Allah ya saka masa.