Na Biyar a Jirgin Fito

Malam, tun safe nake jin ku kai da abokin aikinka kuna kai ruwa rana a kan lissafin nan da ake yawo da shi a waya. Kai ka ce sha shida, shi ya ce ɗaya, kowa ya kafe sai an fara ta inda ya fara. Bari in ba ka wani misali, ka yi yadda ka ga dama da shi.

Wani tsohon mai fito ne ya rasu, ya bar wa 'ya'yansa biyu jirgi mai cin mutum goma sha biyu, da wata ƙa'ida da shi ma gadonta ya yi: duk shekarar da gulbi ya cika har ya taɓa saiwar tsamiyar da ke bakin gaɓa, a raba adadin mutanen da ake ɗauka gida biyu, a kuma bar wa masu ruwa, wato aljanun gulbi, gurbin mutum biyu. Tun da aka haife su ruwa bai taɓa kaiwa wurin ba, saboda haka ba su ga yadda uban ke yi ba, ba kuma wanda ya tambaye shi da wanne ake farawa. Damina ta biyu bayan rasuwarsa, sai ga ruwa ya sha saiwar tsamiya. Wan ya ce ai baƙo ake fara ba wa wuri: a cire biyu, saura goma, a raba, mutum biyar ke nan. Ƙanen ya ce a'a, rabawa ce farko: shida, a cire biyu, saura huɗu. Suka zana a yashi, suka goge, suka sake zanawa, kowa lissafinsa yana fita tsaf. Ni kam ban ga wanda ya yi kuskure a cikinsu ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne wan, mutumin da in ya ce baƙi, ko nono ka nuna masa baƙi ne.

Ranar da gardamar ta zo ƙarshe, ƙanen ne ke da tuƙi, matafiya huɗu ne kuma cif a bakin gulbi, kamar an aiko su. Suka shiga. Wan ya ce lissafinsa bai cika ba, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga ya zauna a matsayin na biyar. Ƙanen ya riƙe filafilin tuƙi ya ƙi tura jirgin, ya ce a hankali, “Yaya, bari. In nawa ne kuskure, ba abin da muka rasa sai sawu ɗaya. In naka ne fa?” Wan ya yi dariya ya ce ya tura. Da hantsi ne, rana tarwai, babu iska babu igiyar ruwa. Da suka kai tsakiya sai tsuntsayen gaɓa suka yi tsit, jirgin ya ɗan nutsa kamar an ƙara masa kaya. Wata tsohuwa cikin matafiyan ta ga katakon da aka bari babu kowa ya jiƙe wuri biyu, irin jiƙewar da mai ɗanyen kaya ke bari in ya zauna. Tsoro ya kama kowa, aka sunkuyar da kai ana salati a zuci. Ba a ji faɗuwar komai ba, ba a ji ihu ba. Da jirgi ya daki gaɓar tsallake, mutum huɗu suka sauka. Inda wan ya zauna, hularsa ce kawai, katakon kuma jiƙe sharkaf.

An nema har ruwa ya janye, ba a samu ko takalminsa ba. Ban ce masu ruwa ne ba, ban kuma ce ba su ba ne, Allah ne masani. Amma ƙanen bai sake musun lissafi da kowa ba. Duk shekarar da gulbi ya taɓa tsamiya, gurbi uku yake bari, kuma waɗanda suka shiga jirginsa sun ce in an kai tsakiya duk ukun jiƙewa suke yi.

Ka ga dai, malam, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.