Barewar da ta Hana Nenden Zuwa Gida

Ƙahon ya tsinke igiyar shanya, ya tafi da zannuwan jariri shida da Entin ta wanke tun da safe. Namijin barewar ya girgiza kai, zannuwan na lilo a ƙahonsa, ya fita yana gurnani. Entin ta bi shi da tsintsiya har bakin lungu tana zaginsa.

A garin Pangandaran ba wanda ke ɗaga kai don barewa ta fito daga gandun daji ta shigo gari. Amma wannan watan barbara ne, mazan sun haukace. Wuyansu ya kumbura, ga wari, ga karo da juna a tsakiyar hanya. Makon jiya ɗaya ya tunkuɗo mai tallan kifi daga kan babur.

Kwana tara ya rage Nenden, 'yar Entin tilo, ta dawo gida haihuwar fari. Mijin Nenden, Cecep, ya faɗa a waya, cikin ladabin nan nasa mai ƙona rai, cewa idan dabbar tana nan, gara Nenden ta haihu a garinsu Garut wajen mahaifiyarsa. Wato wata ce za ta fara wanke mata jika, ita tana raye.

Ba wai Entin ta zauna ba ne. Ta ɗaure ƙofar shinge da waya, ta kwashe tukwanen furanni, ko ɓawon ayaba ta daina jefarwa waje. Tun ranar da ta ga saɓar maciji a bayan kicin, sati uku ke nan, kullum bayan sallar asuba takan ɗauki kwanonta ta zagaye gida tana barbaɗa kariyar da kakarta ke yi wa duk wani mugun abu, tana addu'a. Da dabbar ta fara zuwa sai ta ninka.

Duk da haka namijin yana zuwa. Ya tsallake shinge, ya kafa baki a gindin bango, ya bi gidan har ya zagayo, kamar mai neman inda ɗakin mai jego yake. Gida goma sha biyu ne a lungun, nata kaɗai ya zaɓa.

To ai ba sai an yi duba ba. Odah, maƙwabciyarta ta shekara ashirin, tana da tebur a bakin lungu inda take sayar wa 'yan yawon buɗe ido damin alayyafon ruwa su ba barewa a baki. Wa ya koya wa dabba hanyar lungun in ba ita ba?

Entin ta kai ƙara wajen mai unguwa, aka tara mutane a barandarsa. Odah ta ce shekara takwas tana wannan sana'a, ba barewar da ta taɓa wuce teburinta.

"Bana dai ta wuce," in ji Entin. "In ƙaho ya taɓa cikin 'yata, da alayyafo za ki biya ni?"

"Yaya Entin, ke da ko ƙadangare kika gani sai kin tara unguwa," in ji Odah.

Aka yi dariya. Dariyar ce ta ƙarasa tunzura Entin. Ta faɗi abin da shekara ashirin ba ta faɗa ba, cewa wadda ba ta taɓa haihuwa ba ba za ta san ciwon ɗa ba. Mai unguwa ya sunkuyar da kai, ya ce a ɗauke teburin har watan ya wuce. Odah ta ɗauke da hannunta, ba ta kalli kowa ba.

Washegari Entin ta buɗe taga ta ga huɗu: namijin da mata uku, duk bakinsu a gindin bangonta. Da gari ya sake wayewa sun zama bakwai, har sun ƙwaƙule ƙasar wurin. Wani namijin ya biyo matan, aka yi karon da ya kwantar da rabin shingen. Ta sake ninka kariyar, safe da la'asar.

Ranar Asabar Cecep ya zo ya gani da idonsa. Ya tsaya yana kallon shingen, da kashin barewa ko'ina, ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, ba zan iya kawo ta nan ba."

Nan Entin ta fashe. Ta lissafa masa wayar da ta ɗaura, furannin da ta kwashe, maƙwabciyar da ta rasa, ta ce shi ɗan makiyayan tumaki me ya sani a kan zaman gari. Ta shiga ta ɗauko kwanon, ta watsa abin da ke ciki a gabansa don ya ga ba barci take yi ba.

Cecep ya durƙusa, ya dangwali ƙasar da yatsa ya kai baki. Ya ɗaga kai ya dubi ƙofar Odah, wadda ke rufe tun ranar taron. Sannan ya ce a hankali, "Mama, gishiri ne fa. Da shi muke kiran tumakinmu daga kan tsauni."