Mai Tare Hoto

Hoton ya sake tsayawa cak, ɗan wasa da ƙafa a sama, ƙwallo a iska. Tsohon direba ya ja tsaki har sai da haƙoransa suka yi zafi.

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, talabijin ɗin nan ce duniyarsa, don ko wuya ba ya iya juyawa. 'Yarsa ce ta kawo mai gyara ya kafa ta a bangon da yake fuskanta, babu waya ko ɗaya. Ƙaramin akwati a falo yana harbo hoto ta ƙofar da ke bayan kansa, wani a saman talabijin yana cafkewa. Hoto tar, har gumin 'yan wasa kana gani. Amma kullum da yamma, lokacin tashi daga aiki, sai ya daskare.

Ya sa aka kira mai gyaran, ya wanke shi tas.

"Baba, wannan na'urar ba ta da dogon zango," in ji mai gyara. "Sai akwatunan suna kallon juna. Ko labule ya gitta, ta yanke."

Aka cire labulen ƙofa. Washegari hoto ya tsaya.

Ransa ya ƙara ɓaci. Kowa ya raina shi. Mai gyara ya cuce shi, 'yarsa kuwa sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Yi haƙuri, Baba." Ga kuma wancan mai taurin kan, ɗansa bakanike. Ranar da yaron ya ɓoye masa makullin mota, wai hannun tsoho ya fara rawa, uban ya ce masa a gaban kowa, "Ƙafarka kada ta ƙara taka ɗakina." To, ai faɗar fushi ce. Wane ɗan kirki ne zai riƙe ta, ya bar ubansa kwance ko leƙe babu? Abin da ke cin ransa ke nan, ba ƙwallo ba: tsoro yake kada ya mutu bai sake ganin yaron ba. Wani lokacin har warin baƙin mai yake ji, sai ya ce ciwo ne ke masa wasa da hankali.

Ran nan hoto ya tsaya, ya buɗe baki zai yi masifa, tari ya sarƙe shi. Ya daɗe yana yi, hoton bai dawo ba. Na'urar ta gaji da jira, allon ya yi baƙi ƙirin.

A cikin gilashin ya ga gadonsa, ya ga ramammiyar fuskarsa, ya ga ƙofar da ke bayansa. Ɗansa ne tsaye a wurin cikin kayan aiki, yana kallonsa, yatsun ƙafarsa daidai dokin ƙofa, bai tsallaka ba.